Tambayoyi da Amsoshi Kan Ɗumi da Hasken da Ɗan Kadangare Mai Gemu Yake Buƙata

Kadangare mai gemu, wanda masana suke kira Pogona vitticeps, ɗan asalin busassun yankunan tsakiya da gabashin Ostireliya ne, kuma ya samo sunansa daga fatar maƙogwaronsa mai ƙayoyi da yake kumburawa ta yi baƙi idan ya fusata ko ya tsorata. Dangi ɗaya suke da kadangaren da muke gani a kan katanga, shi ya sa wanda ya taɓa lura da yadda jangwada yake fitowa shan hantsi ya riga ya san rabin halin wannan dabba. Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, saboda haka waɗanda ake sayarwa a Turai da Amurka da sauran ƙasashe a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su. Tambayoyin da ke biye sun shafi ƙaramin da bai cika shekara ba.

Me ya sa ake yawan maganar fitila a kiwon wannan kadangare?

Domin jikinsa ba ya samar wa kansa ɗumi kamar na akuya ko kaza. Zafin jikinsa daga waje yake zuwa, kuma sai jikin ya ɗumama sannan cikinsa yake iya narkar da abinci, ƙafafunsa su yi sauri, garkuwar jikinsa ta yi aiki. Idan aka ajiye shi cikin ɗaki an raba shi da rana ke nan, dole ne kuwa a maye masa gurbinta. Rana kuma abubuwa uku take ba shi a lokaci guda: ɗumi, da hasken da ido yake gani, da wani haske da ido ba ya gani wanda ake kira UVB.

A kan ƙarami lamarin ya fi tsanani. Ana ƙyanƙyashe shi da tsawon da bai wuce kimanin santimita 10 ba, amma cikin shekara guda yakan kai santimita 40 ko fiye. Dabbar da take gina ƙashi da irin wannan sauri ba ta jure kuskure. Sakacin da babba zai ɗauka na watanni yana iya lanƙwasa ƙafar ƙarami cikin makonni.

Zafi nawa ake so a cikin akwatinsa?

Ba zafi ɗaya ake so ba, domin akwatin yana buƙatar gefe mai zafi da gefe mai sanyi. A wurin shan hantsi, wato dutse ko itacen da ke ƙarƙashin fitila, ana so zafin saman wurin ya kasance tsakanin digiri 40 zuwa 43 a ma'aunin Salsiyas ga ƙarami. Babba yakan wadatu da ƙasa da haka kaɗan. A ɗaya gefen kuwa, ana so iska ta tsaya tsakanin digiri 24 zuwa 29. Da dare ba laifi idan zafi ya sauka zuwa digiri 18 ko 20.

Hikimar wannan bambanci ita ce kadangaren da kansa yake daidaita zafin jikinsa. Yana hawa dutse ya ɗumama, idan ya ƙoshi sai ya sauka inuwa, can anjima ya dawo. Akwatin da ko'ina zafinsa ɗaya ya ƙwace masa wannan zaɓi, kuma idan zafin ya yi yawa ba shi da wurin gudu. Wannan ne ma dalilin da ya sa ƙaramin akwati yake da wuyar sha'ani, domin fitilar da ta isa ɗumama dutse takan cika shi duka da zafi. Babba yana buƙatar akwati mai tsawon santimita 120 da faɗin 60 da tsayin 60, kuma babu abin da ya hana a sa ƙarami a irinsa tun farko, matuƙar an tanadar masa maɓoya.

Wane ƙwan fitila ya dace da ɗumi, kuma mai wat nawa?

Farin ƙwan halojin mai baza haskensa shi ne ya fi dacewa, domin ɗuminsa yana ratsa fata fiye da na sauran fitilu, kuma yana haskaka wuri mai faɗi. Ana so da'irar ɗumin ta ɗauki jikin kadangaren gaba ɗaya tun daga kai har gindin wutsiya. Ƙwan da yake tattara zafinsa a ɗan wuri yakan ƙona tsakiyar baya alhali ƙafafu suna cikin sanyi.

Batun wat kuwa ba shi da amsa guda. Ƙwai mai wat 75 da ya yi daidai a wani ɗaki yana iya gazawa a wani, saboda zafin ɗakin da nisan fitilar da girman akwatin duk suna da tasiri. Yawanci ana farawa ne tsakanin wat 50 zuwa 100, a kunna na tsawon awa biyu ko uku, a auna, sannan a ƙara ko a rage. Yana da kyau a haɗa fitilar da na'urar daidaita zafi irin wadda take rage ƙarfin wuta a hankali. Wadda take kashewa da kunnawa ba ta dace da fitila mai haske ba, domin sai ɗakin dabbar ya koma yana walƙiya yini guda. Gindin fitilar ya kasance na tangaran, saboda na roba yana narkewa. Wanda ya yi odar kaya daga Amurka ya duba ƙarfin wutar da aka rubuta a jiki, domin nasu na bolt 120 ne, na Najeriya da Nijar da Gana kuwa 220 zuwa 240.

Idan fitilar ɗumi tana da haske sosai, me ya kawo buƙatar fitila ta biyu?

A nan ne mafi yawan sababbin masu kiwo suke tuntuɓe. Ƙwan halojin, komai haskensa, ba ya ba da UVB ɗin da ake buƙata. UVB wani sashe ne na hasken rana mai tsawon zango tsakanin nanomita 280 zuwa 315, kuma idan ya sauka a fatar kadangare yakan juya wani sinadari da ke cikinta zuwa matakin farko na bitamin D3. Ɗumin jiki ne yake ƙarasa juya shi, daga nan hanta da ƙoda su sarrafa shi zuwa siffar da jiki yake amfani da ita. Aikin wannan bitamin shi ne ba hanji damar tsotse kalsiyam daga abinci. Idan babu shi, ko an barbaɗe kowane gyare da garin kalsiyam, mafi yawansa wucewa zai yi ya fita a kashi.

Jiki kuwa ba ya haƙura da ƙarancin kalsiyam a cikin jini, tunda zuciya da jijiyoyi da shi suke aiki. Sai ya koma yana kwasa daga ƙashi. Haka ƙasusuwa suke laushi har su lanƙwashe, wanda shi ne ciwon da ya fi addabar ƙananan kadangarun da ake kiwo a gida.

Daga wannan bayani ake gane dalilin da ya sa dole fitilun biyu su kasance a gefe ɗaya, haskensu yana sauka a kan dutse guda. Kadangare yana bin ɗumi ne, saboda haka idan aka ajiye fitilar UVB a gefen sanyi zai yini a ƙarƙashin ɗumi bai samu komai daga gare ta ba.

Wace irin fitilar UVB za a saya, kuma a wane nisa za a rataye ta?

Doguwar fitila mai kama da sanda, nau'in da ake kira T5 HO, ita ce masu kiwo da likitocin dabbobi suka fi amincewa da ita. A nemi mai ƙarfin kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, irin su Arcadia 12% ko ReptiSun 10.0, tare da madubin ƙarfe a bayanta mai mayar da haske ƙasa. Tsawonta ya ɗauki rabin akwatin ko kashi biyu cikin uku, ta yadda ɗaya gefen zai zama inuwar da dabbar za ta iya fakewa. Ƙananan ƙwai masu murɗaɗɗen gilashi ba su wadatar da wannan kadangare, domin haskensu yana da ƙarfi dab da su sannan ya faɗi da sauri a ɗan nisa kaɗan.

Nisan da aka saba shi ne santimita 30 zuwa 45 tsakanin fitilar da bayan kadangaren lokacin da yake kan dutse. Lura cewa daga bayansa ake aunawa, ba daga ƙasan akwati ba. Idan akwai ragar waya a tsakani, tana iya tare kashi ɗaya cikin uku na hasken ko ma rabinsa, gwargwadon ƙanƙantar idonta, saboda haka sai a rage nisan ko a sanya fitilar ta ciki. Kowane kamfani yana buga jadawalin nisan da ya dace da fitilarsa, kuma shi ya kamata a bi.

A shekarar 2010 wani masani mai suna Gary Ferguson da abokan aikinsa suka raba dabbobi masu jan ciki zuwa rukuni huɗu bisa yawan hasken da suke sha a daji. Ana sanya kadangare mai gemu a rukuni na uku, wato masu shan rana a fili, inda ma'aunin UVI, wato lambar da take nuna ƙarfin wannan haske da ido ba ya gani, a wurin hantsi yake kaiwa tsakanin 2.9 da 7.4. A aikace masu kiwo suna neman 4 zuwa 6 a kan dutse. Na'urar Solarmeter 6.5 ce take auna wannan. Tana da tsada, amma irin wannan na'ura ce kaɗai take faɗin gaskiyar abin da yake isa ga dabbar.

Akwai kuma ƙwan da yake haɗa ɗumi da UVB wuri ɗaya. Matsalarsa ita ce ba a iya rage ƙarfinsa da na'urar daidaita zafi, kuma duk lokacin da aka ɗaga shi don rage zafi an rage UVB tare. A ganina bai dace da mai koyo ba.

Ba zai yiwu a ajiye akwatin kusa da taga ya sha rana kyauta ba?

A'a. Gilashin taga yana tare kusan dukan UVB amma yana barin zafi ya wuce, don haka abin da ake samu shi ne haɗarin ba tare da amfanin ba. Akwatin gilashi da rana ta bugi gefensa yana iya yin zafin da zai kashe ƙaramin kadangare cikin ɗan lokaci.

Fitilar tana ci lafiya lau, me ya sa aka ce a canza ta?

Saboda UVB yana raguwa tun kafin hasken da ido yake gani ya dushe. Nau'in T5 ana canza shi bayan kimanin wata 12, tsohon nau'in T8 kuwa bayan wata 6. A rubuta ranar da aka fara amfani da ita a jikin gindinta da alƙalami, domin ƙwaƙwalwa ba abar dogaro ba ce a irin wannan. A riƙa kuma goge ƙura daga jikinta da madubinta bayan ta huce, musamman lokacin hunturu.

Awa nawa fitilu za su yi a kunne?

Awa 12 zuwa 14 a yini, sauran kuma duhu. Fitilun biyu su kunna tare su mutu tare. Ƙaramar na'urar saita lokaci da ake sokawa a soket ba ta da tsada, kuma ta fi mutum cika alƙawari.

Wannan tsari ya shafi ciyarwa. A bar shi ya ɗumama na awa ɗaya ko biyu da safe kafin a ba shi gyare ko kyankyaso, sannan abincin ƙarshe ya kasance aƙalla awa biyu kafin a kashe fitila. Ƙwaron da aka haɗiye dab da duhu yakan kwana a cikin da ya yi sanyi ba tare da ya narke ba.

Da dare fa? Mai shago ya ce a sayi jar fitila.

Kada a saya. An daɗe ana cewa kadangare ba ya ganin jan haske, amma maganar ba ta da tushe, domin yana ganin launuka sosai, har ma yana ganin wani sashe na hasken da idon mutum ba ya kamawa. Ban da idanunsa biyu, yana da wani ɗan ɗigo a tsakiyar kansa mai jin bambancin haske da duhu, wanda yake taimaka masa sanin dare da rana da kuma wucewar inuwa ta samansa. Ko ja ko shuɗi, haske cikin dare yana hana shi barci.

Sanyin dare kuma ba abokin gaba ba ne, tunda a ƙasarsu ta asali zafi yana faɗuwa sosai bayan faɗuwar rana. Sai idan ɗakin yana sauka ƙasa da digiri 18 ne ake buƙatar taimako, kuma abin da ya dace shi ne ƙwan tangaran mai ba da ɗumi ba tare da haske ba, haɗe da na'urar daidaita zafi. A rufe shi da raga idan yana cikin akwatin, domin jikinsa yana yin zafin da yake ƙona fata nan take.

Dutsen lantarki mai ɗumi ko tabarmar ɗumi ta ƙarƙashi fa?

Dutsen lantarki ya ƙona cikin kadangaru da yawa, domin wani ɓangarensa yakan fi wani zafi, dabbar kuma takan ci gaba da kwanciya a kai har fata ta lalace. Wannan kadangare ya saba neman ɗumi daga sama, inda haske yake. Dutse na gaske ko falalen tayil da fitila ta ɗumama ya wadatar wajen ɗumama cikinsa.

Da me ake auna zafin?

Da abubuwa biyu. Na farko ita ce na'urar da ake nunawa kamar bindiga, irin wadda aka saba gani a ƙofar asibiti, sai dai a nemi ta auna saman abubuwa, ba ta goshin mutum ba. Da ita ake sanin zafin dutse. Na biyu shi ne ma'aunin zafi na lantarki mai igiya, a sa ɗaya a gefen zafi ɗaya a gefen sanyi don sanin zafin iska. Ƙaramin ma'auni mai allura da ake mannawa a gilashi yakan yi kuskuren digiri da yawa, kuma zafin gilashin yake nunawa. Taɓawa da hannu kuwa ba awo ba ne. Shawarata ita ce a sayi kayan awo, a kunna fitilu na kwana biyu ko uku akwatin yana wofi, a daidaita komai, sannan a je ɗauko dabbar.

Da yawa daga cikin ma'aunan lantarki masu igiya suna nuna danshin iska, wanda ake so ya tsaya wajen kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Da damina sai a ƙara wa akwatin hanyar shigar iska.

Nawa yana buɗe baki a ƙarƙashin fitila. Yana cikin wahala ne?

Galibi a'a. Idan ya kai zafin da yake so amma bai shirya sauka ba, yakan wangale baki don rage zafin kansa, kuma wannan alama ce ta cewa wurin hantsin yana aiki. Haka nan yin duhu da sassafe da baje jiki kamar faifai dabara ce ta kama ɗumi da sauri, launin kuma yakan washe idan ya ɗumama. Abin damuwa shi ne idan yana buɗe baki a gefen sanyi, ko yana kartar gilashi yana neman fita, ko ya ƙaurace wa dutsen gaba ɗaya, domin waɗannan suna nuna zafi ya yi yawa. Idan kuwa ya yini manne a ƙarƙashin fitila, launinsa a duhu, ba ya cin abinci, to wataƙila ɗumin bai isa ba. Buɗe baki tare da majina ko ƙara a numfashi kuma magana ce ta likita.

Yaya ake gane ciwon laushin ƙashi tun da wuri?

Alamun farko su ne karkarwar yatsu ko ƙafa, da kasala, da jan ciki a ƙasa maimakon ɗaga jiki lokacin tafiya. Daga baya muƙamuƙi yakan yi laushi ko ya kumbura, ƙafafu su kumbura, gadon baya ko wutsiya su karkace. Da zarar an ga ɗaya daga ciki a kai shi wurin likitan dabbobi wanda ya san masu jan ciki, a tafi da bayanin fitilar da shekarunta da nisanta. Ana iya tsayar da ciwon, amma ƙashin da ya riga ya lanƙwashe yawanci haka yake zama. Kada a yi gaban kai a yawaita ba shi bitamin D3 ta baki, domin yawansa guba ne, alhali wanda fata take samarwa daga haske jiki ne yake ƙayyade shi.

Ya rage cin abinci yana ta barci. Ko barcin sanyi ne?

Manya sukan shiga dogon hutu lokacin sanyi, su rage ci da motsi na makonni. Wanda bai cika shekara ba kuwa bai kamata a ɗauka haka ne ba. A fara auna zafi, a duba shekarun fitilar UVB, idan duk suna daidai a kai kashinsa a gwada ko akwai tsutsar ciki.

Ina zaune a gari mai zafi kamar Kano ko Sakkwato ko Yamai. Duk wannan ya shafe ni?

Ya shafe ka, sai dai matsalarka ta juya. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin inuwa yake kaiwa digiri 40, wahalar ita ce samar da gefen sanyi. A ajiye akwatin a ɗakin da ya fi sanyi, nesa da bangon da rana take duka, a rage ƙarfin ƙwan ɗumi ko a kashe shi da tsakar rana, amma fitilar UVB ta ci gaba da ci, domin zafin ɗaki ba ya samar da bitamin D3. A Disamba da Janairu kuwa, daren hunturu yakan sauka ƙasa da digiri 15 a waje, saboda haka a auna ɗakin da asuba a ga ko yana buƙatar ƙwan tangaran.

Ribar da mai kiwo a wannan yanki yake da ita ita ce rana, wadda babu fitilar da ta kai ta. Ana iya fitar da kadangaren shan hantsi na rabin awa zuwa awa ɗaya, a cikin kejin raga mai murfi wanda rabinsa yake inuwa, mutum yana zaune kusa. Kada a yi amfani da akwatin gilashi ko bokitin roba, kuma a guji tsakar rana. Shirwa da kyanwa ba su san kuɗin da aka saye shi ba. A kuma hana shi cin ƙwarin tsakar gida ko haɗuwa da kadangarun katanga, saboda maganin feshi da tsutsar ciki.

Idan an ɗauke wuta fa?

Rashin wuta na 'yan awoyi ba ya cutar da lafiyayyen kadangare matuƙar ɗakin bai yi sanyi sosai ba. Abin kiyayewa shi ne kada a ciyar da shi har sai wuta ta dawo ya ɗumama. Idan dare ne na muku-muku, a rufe akwatin da bargo a bar kafar iska, a sa gorar ruwan ɗumi da aka naɗe da tawul a kusurwa guda. Kada a kusanto da kasko ko fitilar kananzir, saboda hayaƙi.

Inda ɗauke wuta ya zama ruwan dare, lissafin daban ne, domin ƙaramin da yake samun awa uku ko huɗu na UVB a yini ba zai gina ƙashi yadda ya kamata ba. Fitilun biyu tare yawanci ba su wuce wat 150 ba, abin da ƙaramar inbata ko sola za ta iya ɗauka da rana. A sa kuma na'urar kare kaya daga hawa da saukar wuta, a ajiye ƙwan ɗumi guda na ko-ta-kwana, tunda halojin yakan ƙone a lokacin da aka dawo da wuta da ƙarfi.